Ganye Mai Huji Bai Taɓa Kashe Kowa Ba



Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata, ko in rubuta ko in bar ta, domin akwai abin kunya a cikinta, kuma kunyar tawa ce. Abin da ya sa na yanke shawarar rubutawa shi ne, makon jiya na wuce ta wani lungu bayan la'asar, na hangi wani matashi tsugune a gindin kuɓewarsa da 'yar kwalba a hannu yana tsiyayawa a bokiti. Warin kaɗai ya gaya mini ko mene ne. Na tsaya na yi masa magana, ya saurare ni saboda furfurata, amma na ga alama bai gamsu ba. To ga labarin nan dalla-dalla, ko Allah zai sa wani ya tsira daga abin da ya same ni.

Mahaifina daga Haɗeja ya zo garin nan fataucin bandar kifi, ya zauna, ya yi aure, a nan aka haife mu. Gidan da ya bar mana yana da ɗan fili a baya, tsawonsa bai wuce taku 12 ba, faɗinsa taku 8. A da ba wanda ya damu da shi, wurin shanya ne da ɗaure akuya. Muna da gona a wajen gari ta hanyar Jere, daga can ake kawo mana kayan miya. Tun da rikici ya ɓarke a 2009 zuwa gonar ya fara zama sai da shawara, bayan abin da ya faru da manoman shinkafa na Zabarmari a watan Nuwamban 2020 kuwa, 'ya'yana suka haɗa baki suka ce in na sake taka hanyar ba su yafe ba. Daga nan filin bayan gida ya zama gonata. Na dasa gwaiba ɗaya, lemun tsami ɗaya da zogale a jikin katanga, tsakiya kuma kowace damina kuɓewa, yakuwa, rama da ɗan alayyafo. Wanda bai san tsadar kayan miya a Kasuwar Monday ba zai ɗauka wasa nake yi. Mu da muka sani, wannan ɗan filin shi yake rufa mana asiri wata huɗu a shekara, har a busar da na rani.

Sai ambaliyar 10 ga Satumban 2024, daren da madatsar Alau ta ɓalle. Kowa a nan yana da nasa labarin na wannan rana, ba sai na maimaita ba. Mu dai da muka dawo gida, lemun tsami ya mutu, zogale ya ruɓe daga gindi, gwaiba ce kawai ta rayu. Don haka da daminar 2025 ta kama, na shuka lambun nan da wani irin zafin rai, kamar ina rama abin da ruwa ya ci mini. Na sayo takin shanu buhu uku, na zuba ba tare da na duba cikinsa ba.

Kuɓewa ta fito gwanin sha'awa. Tana da ganye huɗu zuwa biyar na fara ganin 'yan huji ƙanana a jiki, kamar an bi da tsinken allura. Kwana uku, ganyen ya koma kamar rariya. Yakuwa ma haka, rama ma haka. In ka matsa kusa sai ka ga 'yan ƙwari ƙanana masu sheƙi, girmansu bai kai ƙwayar shinkafa ba, wasu ruwan ƙasa mai ja-ja, wasu baƙi mai shuɗi-shuɗi. Kana kai hannu su yi tsalle kamar ƙuma su ɓace. Ban gama jimamin wannan ba, gwaibata ta shiga nata halin. Da yamma ganye lafiya lau, da safe an cinye tsokar ganyen an bar jijiyoyi kawai. Na duba sama da ƙasa da rana, ban ga ko ƙwaro ɗaya a kanta ba. Har maiɗakina ta ce, "Malam, anya wannan ba baki ba ne?"

A nan na yi wautar. Na tafi kasuwa, na tsaya wurin wani mai tallan maganin sauro da kyankyaso, na gaya masa damuwata. Ya miƙo mini fiya-fiya a kwalbar da ba ta da ko takarda a jiki, ya ce, "Baba, wannan ko maciji ne sai ya mutu. Ka zuba da yawa." Na biya na taho. Bayan magariba na haɗa shi da ɗan ruwa kaɗan, na tsoma tsintsiya na yayyafa wa komai, har yana ɗiga daga ganye. Ban gaya wa kowa ba, na wanke hannu na tafi masallaci sallar isha'i.

Ina da jika mace, a lokacin shekararta 6, amaryata ta gidan. Yarinyar nan tana son tsamin yakuwa, kullum sai ta tsinki ɗanyen ganye ta dangwala gishiri ta tauna. Ina masallaci ta zagaya baya ta yi abin da ta saba. Kafin ƙarfe 10 na dare ta fara amai, yawu na dalala daga bakinta, gumi ya jiƙe mata riga, tana riƙe da ciki tana kuka. Uwarta ta ɗauko manja, kakarta ta ɗauko madara, kowa da nasa maganin. Ni kuwa da na ga ragowar ganyen yakuwa a hannunta, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Na ce, "Ku bar komai, a nemo keke Napep, ni na jawo."

A asibiti likitan da ke aikin dare ya buɗe idonta ya haska, ya ce ƙwayar idon ta tsuke, ya tambayi abin da ta ci. Allah ya taimake ni na zo da kwalbar a aljihu. Ya sunsuna, ya kalle ni, bai ce mini komai ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo. Aka yi mata allurai, aka ɗaura ruwa. Kwana biyu muka yi kafin aka sallame mu. Ranar da za mu tafi ya zaunar da ni ya ce abu uku nake so ka kai wa mutanen unguwarku. In irin wannan ta faru, kada a ba yaro manja ko madara, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa a wanke jikinsa da sabulu, a garzayo asibiti da kwalbar a hannu. Ga shi yau na isar da saƙonsa.

Da muka dawo gida na zagaya baya. Kajina biyu sun mutu, na tsinci kwaɗi uku a gindin randa sun sandare. Na tuge yakuwar da alayyafon gaba ɗaya na binne, don ba wanda zai iya kai su baki. Kuɓewar da na bari kuwa, kafin kwana 10 masu tsallen nan sun dawo kanta kamar ba a taɓa yi musu komai ba. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, girar ma ba ta gyaru ba.

Mutum biyu suka buɗe mini ido bayan haka. Na farko ɗan ƙanwata ne da ya yi karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan da ke nan garin. Ya zo duba jikin yarinyar, ya ce in nuna masa lambun. Ya ce, "Kawu, ƙwaro biyu ne ke damunka, kai kuma ka yi musu kuɗin goro." Ya yi mini bayani cewa masu tsallen nan dangin kuɓewa suke bi, wato kuɓewa, yakuwa, rama, har da lalo da auduga. A cikin ƙasa suke ƙwai, tsutsarsu a ƙasa take girma tana cin ƙananan saiwoyi, shi ya sa in ka kashe na kan ganye yau, wasu na nan tafe daga ƙasa, wasu kuma daga gidan maƙwabci. Ya ce ɓarnarsu mai tsanani tana kan ƙaramin tsiro ne, makonni uku zuwa huɗu na farko. In kuɓewa ta yi ƙarfi ta kai gwiwa, tana iya ɗaukar huji da yawa ta kuma yi 'ya'ya. Abin da ya fi hujin illa shi ne wata cuta da suke ɗauka daga wannan gindi zuwa wancan, wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, shuka ta tsumbure. Irin wannan gindin ba ya warkewa, sai a tuge shi a fitar da shi daga lambu tun da wuri.

Na biyun, mai cin gwaiba, ya ce in jira dare. Bayan isha'i muka fita da tocila. Wallahi da ya haska ƙarƙashin ganye sai da tsigar jikina ta tashi. Buzuzu ne ruwan ƙasa, kamar girman ƙwayar gyaɗa, sun yi cincirindo suna ci. Irin waɗanda ke zuwa su yi ta bugun ƙwan fitila a farkon damina su faɗo a tabarma, mu share su ba mu san abin da suke aikatawa ba. Da rana suna shigewa ƙasa su ɓuya, shi ya sa ban taɓa ganinsu ba. Washegari ya ɗauki fartanya ya tona inda na jibge sauran takin shanu, sai ga fararen tsutsotsi masu kauri, a lanƙwashe, da jan kai, dangin gwazarma. Ya ce daga irin waɗannan buzuzu ke fitowa, wasu a juji suke girma, wasu a ƙasar lambu suna cin saiwa, ruwan farko na sauka su fito da fukafukai.

Shi ne kuma ya gaya mini ainihin abin da na yayyafa. Yawancin fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalabe marasa suna ana haɗa ta ne da sinadarin da ake rubuta wa DDVP, kuma ba mai iya gaya maka ƙarfin da aka zuba a kowace kwalba. Wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a 2015, saboda yawan ragowarsa da aka samu a cikin waken. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna barkatai. Turawa sun ƙi cin waken da ya taɓa, ni kuma na juye shi a kan ganyen da jikata ke ci ɗanye.

Mutum na biyu wani dattijo ne Babarbare, maƙwabcinmu ta baya, wanda ya yi shekaru yana noman lambu a bakin kogin Ngadda kafin ƙafa ta hana shi. Ya leƙo ta katanga ya tarar ina zaune na yi tagumi. Ya ce, "Malam, ka ɗaga kai ka duba abin da ke yi maka inuwa." Dogon yaro ne na ƙofar gidansa, wanda rassansa suka ratso har cikin filina, 'ya'yansa na zubo mini kullum ina sharewa ina tsaki. Ya ce, "Maganin da ka je saya da kuɗinka, ga shi nan kana zubarwa a bola."

Mu mutanen Maiduguri mun saba da wannan bishiya har ba ma ganinta. Dogon yaro, ko darbejiya kamar yadda dangina na yamma ke cewa, wasu kuma maina, asalinta daga Indiya take. A 1928 aka kawo ta lardin Borno daga ƙasar Gana, aka bi tituna ana dasawa, har ta zama ita ce inuwar garin nan. Ɗan ƙanwata ya ƙara mini da cewa a 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer yana aiki a Sudan lokacin da fari suka sauka, ya lura sun cinye kowane kore sun bar dogon yaro. Daga wannan lura aka shiga bincike, a 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke hana ƙwaro ci, suka sa masa suna azadiraktin. Ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan, ganye yana da shi amma kaɗan. Yau akwai kamfanoni a Indiya da Turai da Amurka da ke sarrafa shi su zuba a kwalba su sayar da tsada.

Ga yadda Baba ya koya mini, kuma haka nake yi har yau. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje ɓawon da tsokar a ruwa, a wanke ƙwallon, a shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A adana a buhun algarara ko kwando, kada a sa a leda, don zai gumu ya lalace. In za a yi amfani da shi, a sussuka a hankali a fitar da ƙwayar ciki, a sheƙe, a daka ta yi laushi. A nemi tsohon turmi daban. Ni na fara da turmin maiɗakina, sai da muka sha kunu mai ɗaci mako guda, har yau ana yi mini gori.

Rabin kilo na garin ake zuba wa lita 10 na ruwa. A gwangwanin madarar da nake awo da shi, cika biyar ne zuwa shida a bokitin fenti rabi. A jiƙa da yamma ya kwana, washegari a tace da tsumma mai laushi, a narka ɗan sabulun wanki kamar girman ƙwallon dabino a ciki don ruwan ya kama ganye. A fesa da yamma in rana ta yi sanyi, sama da ƙarƙashin ganye. Wanda ba shi da famfon feshi, ya huda murfin gorar ruwa da allura, ko ya yi da tsintsiya. Dalilin yamma biyu ne: zafin rana yana kashe ƙarfin maganin, sannan da yamma ƙudan zuma sun koma gida. A haɗa wanda za a ƙarar a ranar, kada a ajiye. A maimaita duk bayan kwana 5 zuwa 7, in an yi ruwa mai ƙarfi kuma a sake. Shi ma a kawar da shi daga inda yara za su kai hannu, kasancewarsa daga bishiya bai sa ya zama abin sha ba. Ganyen da aka fesa wa, a wanke shi sosai kafin a dafa.

Sai dai in gaya muku gaskiya, ranar farko na raina shi. Na fito da safe ina neman gawar ƙwari a ƙasa, ban ga ko ɗaya ba, ga su nan suna tsallensu. Na leƙa na ce, "Baba, abin nan fa bai yi ba." Ya yi dariya ya ce, "Kai gawa kake nema ko miya? Ka bar kallon tsohon ganye, hujin da aka yi ba ya toshewa. Ka riƙa duba sabon toho." Haka kuwa aka yi. Bayan feshi na biyu, sabbin ganyen da ke fitowa hujinsu ɗaiɗai ne. Maganin yana sa ganye ya fita ran ƙwaro ne, ya rage ci, tsutsar da ta ci kuma ta kasa girma yadda ya kamata. Aikinsa a hankali yake, mu kuwa mun saba da maganin da za a fesa ƙwaro ya faɗo nan take, shi ya sa da yawa ke watsar da shi tun bai fara aiki ba.

Tsakanin feshi da feshi, ga tsiron da bai yi ƙarfi ba, ina barbaɗa tokar murhu da aka tankaɗe, da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, don ta manne. Kaɗan ake sawa, kamar hoda, in ta yi yawa tana ƙona ganye. Ciyayin da ke jikin katanga kuma na daina barinsu, domin a cikinsu masu tsallen ke fakewa.

Buzuzun dare kuwa, ruwan dogon yaro bai cika razana shi ba. Ɗan ƙanwata ya ce a Indiya ma akwai danginsa da ke taruwa a kan bishiyar dogon yaron kanta suna cin ganyenta, manoma su bi su da dare suna kakkaɓowa. To mu ma hannu muka sa. Bayan isha'i a shimfiɗa tsohon zani a gindin gwaiba, a girgiza rassan da ƙarfi, su zubo kamar tsakuwa, a tattare a juye a bokitin ruwan sabulu. Sannan na rataye 'yar fitilar sola a kan sanda, na ajiye baho da ruwan sabulu a ƙarƙashinta. Suna zuwa wurin haske su buga su faɗa ciki. Fitilar a ajiye ta nesa da bishiyar, can ƙarshen fili. Daren farko na rataye ta a jikin gwaibar, ashe gayyato su na yi. Makonni uku na farkon fitowarsu su ne masu wuya, in aka dage a wannan lokacin, sai ka ga sun ragu sosai, kuma duk macen da ta faɗa baho ba za ta yi ƙwai a ƙasarka ba. Waɗanda aka kakkaɓo a zani ba su taɓa sabulu ba, kaji na cinye su da murna. Takin kuma yanzu kafin in zuba sai na baje shi a rana kwana biyu, na saki kaji a kai su tsince tsutsar.

Wani gargaɗi ga masu tsince ƙwari da hannu. In kuɓewa ta fara fure, akwai wani dogon ƙwaro baƙi mai ratsin ja ko rawaya da ke zuwa cin furen. Shi ne wanda in ya yi wa mutum abin da muke ce wa fitsari, fata take tashi ta yi bororo kamar ƙunar wuta. Kada a murƙushe shi da yatsa, kada a ba kaji, kada a bar yara su yi wasa da shi. A sa leda a hannu ko a kaɗa shi da tsinke cikin ruwan sabulu. Sannan ba kowane mai rai a lambu ne abokin gaba ba. Kwaɗin da na kashe, da ƙadangaru, da gizo-gizo, duk ƙwari suke ci mini kyauta ban sani ba.

Ban ce maganin bature haramun ne ba. Mai babban lambu a Alau ko Jere, wani lokaci dole ta sa shi. Amma ya saya a shagon kayan gona, wanda ke da takarda da lambar NAFDAC a jiki, ya sa a karanta masa adadin da ake zubawa da kwanakin da za a jira kafin a tsinka, ya kuma nemi shawarar malaman gona na BOSADP. Maganin sauro da kuɗin cizo ba na ganyen miya ba ne ko kaɗan. A ɗan filin bayan gida kuwa, inda yara ke wasa, kaji ke kiwo, mata ke tsinkar ganye kullum ba tare da sun tambayi kowa ba, ni dai na yi rantsuwa guba ba za ta sake shiga ba.

Akwai kuma laifinmu mu masu saye. Na zauna da wani mai kayan gwari a Kasuwar Gamboru, ya ce mini in ya kawo yakuwa ko alayyafo mai huji, mata tsallake shi suke yi su tafi wurin mai ganye sumul. Wannan ɗabi'ar tamu ce ke tura wasu manoma su yi feshi ana gobe za a yanka. Tun da na ji haka, in na je cefane a rani, ɗaurin da ke da 'yan huji nake ɗauka, kuma duk wanda na saya sai an wanke shi ruwa biyu ko uku.

Abu na ƙarshe, wannan aikin ba na gida ɗaya ba ne. Ƙwaro bai san katanga ba. Gidaje biyar ne a layinmu masu shuka a baya, bara da na gane haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ajiye kunya na ba su labarina. Muka yi shawara duk Juma'a da yamma kowa ya yi feshin dogon yaro a rana ɗaya, yara maza kuma su zagaya da zani da tocila bayan isha'i. Yaran ma sun mayar da shi gasa, kowa na ƙirga nasa. Kuɓewar da na yi niyyar tugewa don takaici, ita ce muka ci har bayan damina, maiɗakina ta busar da kwano biyu, ta aika wa Baba da nasa rabon.

Damina na ƙaratowa, don haka ga roƙona. Duk mai dogon yaro a ƙofar gida, ya sa yara su tsince 'ya'yan maimakon a share a ƙone. Wanda ya tara fiye da buƙatarsa ya ba maƙwabci. Wanda ke da kwalbar fiya-fiya a ƙarƙashin gado ko a kan taga, ya tashi yanzu ya ɗauke ta daga inda yaro zai kai. Mai son ganin yadda ake haɗa ruwan kuma, ina nan bayan la'asar, a tambayi gidan mai gwaiba, turmin da tsumman tacewa duk suna nan.

Amaryata ta warke sarai, alhamdu lillahi, ta shiga aji biyu. Har yanzu tana tsinkar yakuwarta, amma sai ta tsaya a bakin fili ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, ka sa wani abu?" In ce mata ban sa ba, je ki wanke ki ci. Duk ranar da ta yi wannan tambayar sai na tuna daren nan na asibiti.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiyar da za mu koma gonakinmu. Amin.